Minti Biyar na Onorabul Farida — Shafi na 19

Salamu alaikum jama'ata. Jiya ban leƙo ba, wuta ce ta tafi tun da hantsi, tarho ya mutu a hannuna. Masu zagin Farida a ƙasan shafin da ya wuce, duk na karanta saƙonninku, har da ke da kika ce a ba ki ita minti biyu da bulala. Ku dai saurare ta tukuna, sannan ku yanke.

*

Tun daga kwanar kasuwa Farida ta ce wa direba ya tsaya.

"Hajiya, ai da sauran tahiya," in ji shi.

"Na san gidan. Da ƙahwa za ni ƙarasa."

Ba ta so motar nan mai tambarin majalisa ta tsaya a ƙofar gidan Mushe Kalebu. Ta gyara gyale ta sauka cikin laka, don an yi ruwa a Madarunfa da safen nan, iskar tafki na kaɗowa da ɗan sanyi.

Gidan ba baƙonta ba ne. Shekara huɗu ta yi a cikinsa lokacin da ta baro Safo ta zo kwaleji. Mahaifinta Malam Hamza ne ya kamo hannunta ya danƙa wa abokinsa Kalebu, malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe, ya ce, "Ga ɗiyarka." Su Kiristoci ne, ita Musulma, amma Inna Elizabet ce ke tashinta sahur ta ɗumama mata tuwo. Tabarma ɗaya suke kwana da Maryamu, 'yar gidan. Li'azaru kuwa, auta, a bayanta ya yi wayo.

Yau makokinsa ake yi.

Wata huɗu ke nan da 'yan bindiga suka shiga wani ƙauye bayan Gabi, inda yake manjon likita, wato babban mai jinyar wurin. Suka tafi da shi da wasu mutum shida, suka tsallaka iyaka da su. Shekaranjiya ɗaya daga cikinsu ya kuɓuto, ya kawo labari.

Rumfar ƙofar gidan ta cika. Ga fasto, ga liman, ga manoman Gabi da suka bar noman farko suka zo. Shekara biyu da suka wuce, mutanen nan ne suka raka ta da guɗa ranar da ta ci kujerar dipite, wato 'yar majalisar dokoki. Yau da ta yi sallama, amsar ta fito ƙasa-ƙasa, kowa ya sami wurin da zai ajiye idonsa.

Ta durƙusa gaban tsohon.

"Baba, ya munka ji da haƙuri?"

Mushe Kalebu ya daɗe yana kallonta ta saman tabarau. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Da godiya, Farida. Shiga ciki, innarki na nan."

A tsakar gida mata na rera waƙar coci a hankali. Tana sako ƙafa waƙar ta tsinke, kamar an yanke zare.

Maryamu ce ta miƙe daga bakin murhu. Idanunta sun kumbura, muryarta ta dushe, amma kowa ya ji ta.

"Maraba da Onorabul. Ku kawo ma Onorabul kujera, kar laka ta ɓata mata shadda."

"Maryamu..."

"Gaisuwa kinka zo? Ko ita ma janye ta za ki yi?"

Wata tsohuwa ta ce, "Haba ɗiyata, gidan rasuwa ne hwa."

"Na san gidan rasuwa ne, Gwaggo. Ƙanena ne ya mutu. Ku bar ni in tambaye ta."

Ta matso har Farida na jin hucin numfashinta.

"Wa ya roƙe ki? Ke kinka zo da ƙahwarki. Nan, wurin nan kinka tsaya, kinka dahe ƙirji. Kinka ce za a yi muhawara Yamai kan zaman ƙasarmu da maƙwabta, ministan harkokin waje zai zo shi amsa tambayoyi, kuma kin sa sunanki. Kinka ce duk duniya sai ta ji sunan Li'azaru. Ƙarya nike?"

"Ba ƙarya kike ba."

"Baba da ciwon gwiwarshi ya hau kabu-kabu, Gabi, Ɗan Isa, Safo, ƙauye-ƙauye, yana rubuta sunan duk wanda anka tsallaka da shi. Mutum arba'in da ɗaya. Uwaye na kuka suna ba shi sunan ɗiyansu, don an ce Farida za ta karanta. Ƙarya nike?"

Farida ta girgiza kai. Hawaye sun riga sun sauko.

"To mi ya hwaru?"

Ƙarar sanda ta katse su. Mushe Kalebu ne tsaye a bakin zaure.

"Ba tsakar gida ba," ya ce. "Ku shigo ɗakina. Elizabet, taso."

Sai a lokacin Farida ta ga Inna Elizabet. Tana rakuɓe a jikin bango, farar rigar aikin Li'azaru a kan cinyarta, tana ta ninke ta tana warwarewa. Ba ta ɗaga kai ba. Maryamu ce ta kama ta suka shiga.

*

Ɗakin na nan yadda ta san shi. Tebur ɗin da yake gyaran takardun 'yan lakwal, kwalin littattafai, da rediyon nan mai ɗaurin roba. Farida ta zauna a ƙasa, kusa da ƙofa.

Tsohon ya zauna bakin gado, ya jingine sanda.

"Ni ba zagi za ni yi ba," ya ce. "Tambaya gare ni, irin ta mushe da ɗalibarshi. Tambayoyin da kinka shirya ma minista, nawa ne?"

"Ukku, Baba."

"Hwaɗo su."

Shi ya gyara mata Faransancin takardar da jan alƙalaminsa na bik, a kan wannan tebur ɗin.

"Ta hwarko: in an ɗauki ɗan ƙasarmu an tsallaka iyaka da shi, wa gwamnatinmu ke kira a wancan ɓangare, kuma wa ke amsawa? Ta biyu: sojojinmu in sun biyo sawu sun iso iyaka, akwai yarjejeniyar da ta ba su izinin wucewa, ko sai su tsaya suna kallo? Ta ukku..." Muryarta ta karye. "Ta ukku, mutanen nan arba'in da ɗaya, an taɓa kai sunansu teburin da ƙasashen biyu ke zama?"

"Ba ki mance ba ke nan."

"Ban mance ba."

"Ran nan," in ji shi, "mun hid da rediyon ga waje, mun aza shi bisa turmi. Mutane sun hi ɗari. Wasu tun asuba sunka taso da amalanke. Awa huɗu muna saurare, tahinta na juya muna da Hausa. An yi maganar Turawa, an yi maganar jiragen sama, an yi maganar taron da anka yi wata ƙasa da ban san inda take ba. Wani dipite ya yi ta yabo har lokacinshi ya ƙare. Wani ya yi ta hwaɗa har anka kashe mai mikoro, na'urar magana. Ba wanda ya ce Gabi. Ba wanda ya ce Madarunhwa. Ina ta ce ma mutane ku yi haƙuri, tamu na tahe."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Sai munka ji shugaban zama ya ce, Onorabul Farida Hamza, kina da minti biyar. Mata sunka yi guɗa. Innarki ta miƙe tsaye."

Ya dube ta.

"Kalma ukku kinka yi. Na janye tambayata."

"Har tahinta sai da ya maimaita," in ji Maryamu. "Ya zaci bai ji daidai ba."

"Wata mata daga Ɗan Isa," tsohon ya ci gaba, "ɗiyanta biyu na cikin takardar, ta zo ta tsaya gabana ta ce, Mushe, an wuce wurin sunayen ne ban ji ba? Farida, shekara talatin da biyar ina koyarwa, ba a taɓa yi mani tambayar da na rasa amsarta ba sai ran nan. Shi ya sa nike tambayarki. Mi ya hwaru?"

Farida ta rufe fuska da gyale. Kwana goma sha tara tana ɗauke da maganar nan, ko mijinta bai sani ba.

"An sa ni rantsuwa, Baba."

"Wanda anka yi rantsuwar dominshi ya tahi."

Ta share fuska.

"Saura kamar minti goma a kira ni, sai Alhaji Abdu ya aiko in hito. Shi ne shugaban rukunin dipitocin partinmu, shi ke raba muna lokacin magana. Ya ja ni wani biro, ɗakin aikinshi, ya ruhe ƙohwa. Da hwari ya ce, ke ɗiyar masu rinjaye ce, ga jakadun ƙasashe zaune sama suna kallo, za ki tashi ki kunyata gwamnatinki? Na ce mai ko za a kore ni daga parti yau sai na yi magana."

"To?" in ji Maryamu.

"Sai ya sauke murya. Ya ce akwai abin da ban sani ba. Ya ce ana magana da mutanen dajin ta ƙarƙashin ƙasa, an kusa gamawa, cikin sati guda za a sako Li'azaru da duk waɗanda ke tare da shi. Amma in na kira sunanshi a rediyo, za su ga ashe babban kamu sunka yi, ko su tsorata su kashe shi su gudu. Ya ce, ki zaɓa, minti biyar na suna, ko ran ƙanenki."

Maryamu ta yi wata dariya mai ɗaci.

"Kuma kinka yarda. Ke da kinka yi jami'a. Ɗan siyasa ya yi maki tatsuniya kinka yarda."

"Ban yarda ba. Na ce mai ina shaida."

"Ya ba ki?"

Farida ta ciro tarho daga jaka. Sau biyu tana kuskure lambar buɗewa. Ta kalli Inna Elizabet, ta kalli tsohon.

"Baba, ban sani ba ko ya kamata Inna ta ji."

"Kunna," ya ce.

Da farko ƙarar iska ce, da kukan wata akuya can nesa. Sai murya ta fito, a gajiye, amma ba mai shakkar ko ta wane ne.

"Yaya Farida, ni ne, Li'azaru. Lahiyata lau, kar ku damu. An ce mun kusa hitowa. Ki gai da Baba. Ki ce ma Inna ta bar kuka, kuma ta riƙa shan maganin hawan jininta, na san in ba ni nan ɓoye shi take ƙarƙashin hilo. Ki ce ma Maryamu..."

Nan saƙon ya yanke.

Rigar ta zame daga cinyar Inna Elizabet. Ta rarrafo, tsohuwa mai shekara sittin da wani abu, ta rarrafo da gwiwa har gaban Farida, ta kama tarhon da hannu biyu.

"Auta? Auta, ga ni. Ina sha, wallahi ina sha."

"Inna, ba kira ba ne," in ji Maryamu, tana kuka. "Ɗauka ce anka yi."

"Ku maido shi. Ku maido mani shi."

Farida ta sake kunnawa. Sau huɗu ana maimaitawa, tsohuwar na manne da tarhon a kunnenta, tana gyaɗa kai kamar mai amsa masa. A na huɗun ne ta ɗago, karon farko tun shigowar Farida, ta dube ta.

"Tun yaushe muryar ga ke hannunki?"

"Tun ranar muhawara, Inna."

"Kwana nawa ke nan?"

"Goma sha tara."

"Lokacin yana da rai."

"E."

"Ɗiyata," ta ce, ba da faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ciwo, "wata huɗu ban ji muryarshi ba. Da kin kawo mani ita lokacin da yake numhwashi, da na ji ta da daɗi ko sau guda."

Farida ta kifa goshinta a ƙafafun tsohuwar.

"Ya sa na rantse ba wanda zai ji sai an sako su. Na ce sati guda ne, in kawo maki shi da kanshi, ba murya ba. Sati ya cika, na kira Alhaji ya ce gobe. Gobe ta yi, ya ce jibi. Daga nan ya bar ɗaukar kirana. Inna, na zaci ranshi nike saye da shiruna. Wallahi abin da na zata ke nan."

A waje mata sun sake ɗaukar waƙa.

Maryamu ta zame jikin bango ta zauna. Can ta ce, muryarta ta sauka, "Ki ce ma Maryamu mi? Mi zai ce mani?"



Mushe Kalebu ya mayar da tabarau. Fuskarsa ta canja, ta koma irin ta lokacin da yake bin lissafin ɗalibi layi-layi yana neman inda aka kauce.

"Maryamu, leƙa bayan rumbu ki kira mani Ɗan Azumi."

*

Ɗan Azumi manomi ne daga Gabi, mutum mai kimanin shekara hamsin. Tare aka ɗauke su da Li'azaru, shi ne kuma ya kawo labarin. Ya shigo yana ɗingishi, ƙafafunsa naɗe da tsumma, don kwana biyar ya yi yana tafiya cikin ƙaya. Tun jiya ya ƙi zama cikin jama'a, sai bayan rumbu, shi kaɗai.

Ya tsuguna ya gaida tsohon. Da ya ga Farida ya sunkuyar da kai.

"Wannan ita ce Farida," in ji Mushe Kalebu. "Abin da ka gaya mani jiya, gaya mata."

"Mushe, da an bar shi."

"Gaya mata. Hakkinta ne."

Ya gyara tsugunno.

"Ranki shi daɗe, mu ma mun ji ki ran nan."

Farida ta ɗago da sauri.

"Kun ji ni? A dajin?"

"Suna da rediyo, ba su rabuwa da shi. Tun ana gobe anka ba da labari dipiten Madarunhwa za ta yi tambaya kan mutanen da anka tsallaka da su. Manjo ya ji. Ranki shi daɗe, wata huɗu ban ga haƙoranshi ba sai ran nan. Ya bi mu ɗaya-ɗaya yana cewa, yayata ce. Ita ta goye ni. In ta buɗe baki sai an motsa."

"Su kuma masu bindigar?"

"Hankalinsu ya tashi. Babbansu ya tara su, muna ji. Ya ce in har maganar ga ta kai ƙasashen biyu sunka haɗa kai, soja za su zo ta gaba da baya, dajin ba ya zamnuwa. Ya ce su shirya kaya, in ta kama a tashi, a saki masu ciwo da tsohi, don ba su iya tahiya. Har igiyar ƙahwa sunka kwance muna."

Farida ta matso kusa da shi.

"Ba su ce za su kashe shi ba in an kira sunanshi?"

"Manjo? Ai shi ba su taɓa shi. Shi ke ɗinke masu rauni, shi ke yi ma matansu allura. Shi ya sa ba su taɓa kiran gida kanshi ba, ba sakinshi za su yi ba."

"Maganar sulhu hwa? Ba a ce za a sako ku cikin sati ba?"

"Mu dai ba mu ga alama ba."

"Ci gaba," in ji tsohon.

"Munka zamna gindin wata ƙirya, su da bindigoginsu, mu gehe guda, kowa ya kasa kunne. Da anka kira sunanki, Manjo ya kama hannuna ya matse." Ya ɗaga hannun kamar har yanzu yana jin matsin. "Sai kinka hwaɗi abin da kinka hwaɗi."

Ya sauke hannun.

"Sunka yi ta dariya. Wani ya harba bindiga sama. Babbansu ya zo ya tsaya kan Manjo ya ce, likita, ka ji? Ko 'yan uwanku sun janye ku. Kahin la'asar an maida muna igiya."

Farida ta toshe bakinta da hannu.

"Mi ya ce?" ta tambaya da kyar. "Don Allah kar ka rage mani. Ya zage ni?"

"Wani cikinmu ya zage ki, ba ni ɓoye maki. Manjo ya hana shi. Ya ce, akwai dalili. Yaya Farida ba ta ja da baya banza, wani abu anka yi mata. Har ran da munka rabu bai canza wannan magana ba."

Kukan da ya ƙwace mata ba irin na gidan makoki ba ne, irin na yaro ne da aka mara. Da zaginta ya yi, da ta san inda za ta ajiye shi.

Ɗan Azumi ya jira har ta lafa.

"Amma daga ran nan ya ce muna, tunda ba mai zuwa, sai mu hid da kanmu. Kwana goma sha biyu yana lura da su. Ran da anka yi ruwan nan mai ƙarhi da azahar, duk sun shige bukkoki, ya yanke muna igiya da almakashin aikinshi. Mu huɗu munka hita. Mun kai bakin gulbi, ruwa ya kawo. Akwai wata tsohuwa cikinmu, Balaraba, ta kasa shiga. Ni na riga na haye. Shi ma ya kai tsakiya, sai ya koma ya goyo ta."

Inna Elizabet ta rufe ido.

"Ya kawo ta har inda na miƙa hannu na kama ta. Nan sunka iso. Harbi biyu na ji. Ruwa ya tahi da shi ina kallo, Inna. Ban iya komi ba. Balaraba na kwance likitar Gabi yanzu, ana jinyarta, tana da rai."

"Ko kabari ba ni da," in ji tsohuwar a hankali. "Ko wurin da za ni je in zamna."

Farida ta miƙe tsaye.

"Baba, ba ni takardar sunayen. Zaman majalisa bai ƙare ba, saura kwana tara a ruhe. Gobe ina Yamai. Ko sun ba ni lokaci ko ba su ba ni ba, ko sun kashe mikoro, sai na karanta su da bakina. In sun ga dama su karɓe kujerar."

"Zamna," ya ce.

"Baba..."

"Zamna, Farida. Gaggawa ce ta kai ki inda kike. Ba a gama ba."

Ta koma ta zauna.

"Mu iyayenshi, wata huɗu ba mu samu ko tarinshi ba. Jandarmomi ba su samu ba. To shi Alhaji Abdu, yana zamne Yamai cikin sanyin biro, ta wace hanya muryar ɗana ta iso tarhonshi?"

Sai yanzu Farida ta ga ko sau ɗaya ba ta yi wa kanta wannan tambayar ba.

Tsohon ya karɓi tarhon daga hannun matarsa, ya miƙa wa Farida.

"Kunna mai."

Ta kunna. Iska, akuya, sannan, "Yaya Farida, ni ne, Li'azaru."

Ɗan Azumi ya zabura har ya buge ƙofa da kafaɗa.

"Ina wurin anka ɗauki wannan!"

"Yaushe?" in ji Maryamu.

"Saura kwana ukku a yi muhawarar. Wani baƙo ya zo bisa babur, an ɗauko shi. Ba ɗan daji ba ne, kayanshi masu tsabta, Hausarshi irin tamu. Sunka yi mai shimhiɗa, sunka yanka mai kaza. Ya sa anka kawo Manjo, ya ce mai gwamnati ce ta aiko shi, an kusa sako mu, shi yi ma yayarshi magana ta kwantar da hankali. Manjo na cikin magana ya hizge tarhon, ya ce ya isa."

"Ka san shi?" Farida ta tambaya.

"Lokacin ban san shi ba."

"Lokacin?"

Ɗan Azumi ya kalli ƙofa, ya kalli taga. Gumi ya tsatso masa a goshi duk da sanyin ruwan da aka yi.

"Mushe, ka ga tun jiya na ƙi zama rumhwa. Kun zaci kunya ce ko ciwon ƙahwa. Ba shi ba ne."

"Mi ne ne?"

"Tsoro nike kar shi gane ni."

Maryamu ta dafe ƙirji.

"Yana nan?"

"Tun jiya yake nan. Shi ya kawo tabarmi da kujerun da anka shimhiɗa. Shi ke tarbar manyan baƙi."

Farida ta tashi. Ba ta san lokacin da ta isa taga ba. Ta ɗaga labulen da yatsa ɗaya. Daga nan ana hango rabin rumfar ta saman katanga.

"Wanne?"

Ɗan Azumi ya raɓo bayanta, ya leƙa ta gefen kafaɗarta, ya yi saurin janye kai.

"Ga shi can tsaye kusa da liman. Mai shuɗiyar shadda da baƙar hula."

Ta gan shi.

Nasiru ne. Mataimakinta, wanda sunansa ke ƙarƙashin nata a takardar zaɓe, wanda doka ta ce shi zai hau kujerar in ta sauka. Shekara biyu shi ke riƙe mata biro a Madarunfa. Shi kaɗai ta bai wa kwafin tambayar nan kafin ta tafi Yamai.

Kamar an taɓa shi, ya waiwayo. Idonsa ya faɗa kan tagar.

Ya ɗaga mata hannu da ladabi, ya ce wa liman wani abu, sannan ya sa takalmansa ya nufo zaure.